Ranar Waliyyi Patrick a ƙasar su Fada

A ƙauyenmu, can ƙasar Zazzau ta wajen Ikara, in ka tsaya bakin coci bayan an tashi ka ƙwala kiran "Patrick", sai ka ga ana waiwayowa ta ko'ina: yaro, magidanci, har da dattijo mai furfura. Muna yara mun ɗauka sunan yana cikin Littafi Mai Tsarki, a sahun su Bitrus da Bulus da Yaƙubu. Sai da na yi wayo na gane tsarabar su Fada ce. Yawancin firistocin Katolika da suka shiga ƙauyukan Maguzawa da Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa daga Ayalan suka fito, kuma in aka miƙo musu jariri domin baftisma, sunan waliyyin ƙasarsu ne ke fara zuwa bakinsu. A 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, aka ayyana Patrick a matsayin waliyyi mai roƙo domin Najeriya. Babban cocin Katolika na Maiduguri ma sunansa ya ci.

Shi ya sa da takarduna na aikin jinya a Ayalan suka fito a ƙarshen 2022, Baba, wanda ya tsufa a aikin katikis, bai ɗauki tafiyar a matsayin zuwa Turai ba. A wurinsa gidan iyayen gidansa za ni. Matan Zumunta suka taru suka yi mini addu'ar sallama, aka karanta ƙarshen Bisharar Matiyu, inda Ubangiji ya ce a je a almajirtar da dukan al'ummai. Shugabarsu ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, mun ji an ce bishara ta yi sanyi a can. Su suka kawo mana, ke kuma Allah ya aike ki ki mayar musu." Aka ce amin, aka rangaɗa guɗa.

Watannin farko dai ba ta bishara nake yi ba, ta takardu nake. Ma'aikaciyar jinya da ta zo daga Najeriya sai ta ci jarrabawar Turanci tun tana gida, ta jira wasiƙar hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta NMBI, ta iso ta sake zama jarrabawar gwajin ƙwarewa a Dublin kafin a ba ta lambar aiki. Bayan haka ga lambar PPS, wato lambar shaidar mutum a wurin hukumar haraji, wadda in babu ita haraji zai cinye albashi, ga katin zama da ake biyan Yuro 300. Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da neman ɗaki. Aikina a wani gidan kula da tsofaffi yake a gefen birnin Cork, a kudancin ƙasar, kuma a Cork in aka tallata ɗaki da safe, kafin azahar masu nema sun yi layi a ƙofar. Wani mai gida ya yi mini fara'a sosai a waya, da ya gan ni sai ɗakin ya zama an riga an kama. Daga ƙarshe wata 'yar Indiya da muke aiki tare ta raba ni da wahala, ta ba ni ɗakin da ƙanwarta ta bari.

Sanyi kuwa ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana bin bango yana shiga katifa. A Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufe, ga yayyafi da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Turancin mutanen Cork kuma, wanda na zaci na iya, gudu yake yi, murya na hawa tana sauka, sai a gama yi mini bayani in ce to, in koma gefe in tambayi wata abin da aka ce.

Lahadin farko na ci ado. Na ɗaura zanen Zumunta a ƙarƙashin rigar sanyi, na kafa ɗankwali, na tafi cocin unguwa. Gini ne na dutse da zai ɗauki mutanen ƙauyenmu gaba ɗaya har da baƙi. A ciki, furfura ce jefi-jefi, kowa ya zaɓi bencinsa nesa da na kusa. Ba ganga, ba tulu, ba kacau-kacau. Mace ɗaya ce ke rera waƙa, sauran suna sauraro. Baiko ba a tashi a taka rawa a kai shi gaba, kwando ne ke zagayawa, a bakin ƙofa kuma akwai na'urar da ake ɗora katin banki. Minti arba'in aka sallame mu. A gida a wannan lokacin Fada bai kai tsakiyar wa'azi ba. Kafin in gama gyara ɗankwali filin ajiye motoci ya zama wayam.

Abin da matan Zumunta suka ji ba ƙarya ba ne. A ƙidayar 2016, kashi 79 cikin ɗari na mutanen ƙasar suka ce su Katolika ne. A ta 2022 sun koma kashi 69, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 14. Masu zuwa Mas kowane mako ba su kai ko kusa da wancan adadi ba. A 1979 da Paparoma John Paul na Biyu ya zo, fiye da mutum miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix Park na Dublin, a ƙasar da duka mutanenta ba su kai miliyan uku da rabi ba a lokacin. Da Paparoma Francis ya tsaya a wannan fili a 2018, taron bai kama ƙafar na farko ba. Makarantar firistoci ta Maynooth, wadda aka kafa a 1795, a da ɗaruruwan ɗalibai take ɗauka a lokaci guda. Yanzu 'yan kaɗan ne ke shiga a shekara. A Cork ma an haɗa Ikklisiyoyi rukuni-rukuni domin firistoci ba su isa ba.

Bikin Patrick na farko da na gani a can, 17 ga Maris 2023, a bakin aiki ya same ni. Ranar hutu ce ta ƙasa tun 1903, amma gidan tsofaffi ba ya hutu. Da sassafe aka kawo wani ɗanyen ganye ƙanana mai kunne uku, shamrok, wanda aka sa wa albarka a coci, aka ce mu maƙala wa kowa a ƙirji. An ce da shi Patrick ya kwatanta wa mutane Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, uku amma ɗaya. Tsofaffin da ba sa son wanka ranar ba su yi gardama ba. Maza suka nemi a ɗaura musu lakataya. Aka kunna Mas a talabijin, wani ɓangare da harshensu na asali, Gelik, wanda yawancinsu a makaranta suka koya suka manta. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da ba ta gane 'ya'yanta in sun zo, ba ta kuma haɗa jimla. Da aka fara addu'ar Ubangiji da wannan harshe sai ta ɗauka daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Da rana aka ci naman alade da kabeji da dankali, abincin ranar ke nan, aka kawo mai akodiyon. Duk da ana tsakiyar azumin kwana arba'in, ranar an ɗage wa kowa: wanda ya bar alewa ya sha, wanda ya bar giya ya kurɓa.

Wata daga cikinsu, mai cikakken hankali, ta kama hannuna tana dariya ta ce suna 'yan makaranta akwai akwati a kan teburin Sista da suke jefa kwabo domin "jariran baƙaƙe" na Afirka. Ta ce, "Ga shi ɗaya daga cikinsu ta zo tana ba ni magani." Wata abokiyar aikina ta ji kunya ta so ta tare zancen. Ni ban ji haushi ba. Maganar ba ta da daɗin ji, amma akwai gaskiya a cikinta: makarantar da Baba ya koyi karatu, da asibitin mishan da na fara aiki, da irin waɗannan kwabbai aka aza harsashinsu, daga hannun mutanen da su kansu talakawa ne a lokacin. Abin da na ce mata shi ne ta haɗiye ƙwayar tukuna, sannan mu yi lissafin ribar kwabonta.

A wurin aiki doka a fili take: ba a yi wa majiyyaci wa'azi, ba a cusa masa addini. In ya nema, a kira masa firist ko wanda yake so. Da farko na ga kamar an ɗaure mini baki. Yanzu ina ganin dokar daidai ce. Mutumin da ke kwance, wanda sai na ɗaga shi zai sha ruwa, ba shi da ikon ce mini in yi shiru, kuma wa'azin da mai sauraro ba zai iya tashi ya bar wurin ba, fin ƙarfi ne.

Bayan wannan biki ne na nemi sanin mutumin da ake yi dominsa, don a gida abin da muka sani bai wuce hoton bishop mai gemu da koriyar riga yana taka maciji ba. Labarin korar macizai daga tsibirin Ayalan ƙari ne na mutanen baya; masana sun ce tsibirin bai taɓa samun macizai ba tun bayan zamanin ƙanƙara. Zancen ganyen ma an daɗe da mutuwarsa kafin a fara rubuta shi. Amma akwai rubutu biyu da ya bari da hannunsa a ƙarni na 5, da Latin, wanda shi kansa ya ce bai ƙware a ciki ba: ɗaya shaidar rayuwarsa, ɗaya wasiƙa. Ba su da tsawo, a zama ɗaya ake karance su.

Patrick ba ɗan Ayalan ba ne. A Birtaniya aka haife shi a ƙarshen mulkin Rumawa, ɗan gidan masu hali. Ubansa Calpurnius dikin ne, kakansa Potitus firist. Shi da bakinsa ya ce a lokacin bai damu da Allah ba. Yana wajen shekara 16 mahara suka faɗa gonar ubansa suka kwashe shi tare da ɗimbin mutane, suka haye teku da su, aka sayar da shi. Shekara shida yana kiwo a daji da kan tudu, cikin ruwa da ƙanƙara. A nan ya koyi addu'a, har ya ce yakan yi ɗari da rana, kusan haka da dare. Sai ya ji murya a mafarki cewa jirginsa ya shirya. Ya gudu, ya yi tafiyar mil kusan 200 a ƙasa, ya sami jirgin, bayan wahalhalu ya koma hannun danginsa. Suka roƙe shi kada ya sake barinsu. Sai ga wani mafarkin: wani mutum mai suna Victoricus ya zo da wasiƙu masu yawa, ya miƙa masa ɗaya, yana karantawa ya ji muryar mutanen wajen dajin Foclut, kusa da tekun yamma, suna roƙonsa ya dawo ya yi tafiya a cikinsu. Ya koma ƙasar da aka bautar da shi, bai kuma sake barinta ba. Bisa al'ada ana cewa a 432 ya iso, ko da yake tun 431 Paparoma Celestine ya aiko wani bishop, Palladius, wurin masu bi da ke can. Ke nan ba shi ya fara ba, shi ne dai ya kutsa inda ba a kai ba.

Wasiƙar ce ta fi tsaya mini a rai. Sojojin wani sarki mai suna Coroticus, waɗanda ke kiran kansu Kirista, sun auka wa mutanen da Patrick ya yi wa baftisma, man shafewa bai bushe a goshinsu ba, suka kashe wasu suka kwashe sauran domin sayarwa. Ya aika firist ya roƙa a sako su, aka yi wa ɗan aiken dariya. Sai ya rubuta cewa kada mai bi ya ci ko ya sha tare da waɗannan mutane, kada a karɓi sadakarsu, har sai sun tuba sun saki waɗanda suka kama. Wanda ya fito daga Jihar Kaduna ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Ina Kaduna a Janairun 2020 lokacin da aka shiga makarantar firistoci ta Good Shepherd aka ɗauke ɗalibai huɗu, aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18. Ban taɓa jin an yi wa'azi a gida an ce waliyyin Najeriya yaro ne da aka sace ba, alhali a cikin tarihinsa babu abin da ya fi wannan kusa da mu.

A shaidar rayuwarsa kuma akwai wurin da ya ce yana marmarin zuwa Birtaniya ya ga danginsa, amma Ruhu ya ɗaure shi, yana tsoron aikin da ya fara ya lalace. A lokacin maigidana da yara suna Kaduna, sai ta waya muke ganin juna. Na san nawa dalilin bai kai nasa tsarki ba, ni albashi ya kawo ni. Amma kewar iri ɗaya ce.

Wadda ta buɗe mini ido kan dalilin da coci ya zama kango ita ce wata mataimakiyar jinya da muke aikin dare tare, mace mai shekara hamsin da wani abu, mai kirki ƙwarai, wadda ba ta taka coci sai jana'iza. Wani dare ta ga carbina a aljihu, ta ce ba ta da matsala da shi, amma kada in taɓa ce mata ta dawo. Ƙanwar mahaifiyarta ta yi ciki ba aure tana budurwa, iyaye da firist suka kai ta wani gida da sistoci ke riƙe da shi, ta haihu, aka karɓe ɗan aka bayar, ta mutu ba ta sake ganinsa ba. Ba labarin gida ɗaya ba ne. Rahoton Ryan na 2009 ya tona irin duka da lalata da aka yi wa yara a makarantun da ƙungiyoyin addini ke gudanarwa. Rahoton Murphy na wannan shekarar ya nuna yadda shugabannin coci a Dublin suka riƙa rufa wa firistoci masu lalata da yara asiri. A garin Tuam wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tattara takardun mutuwar yara 796 na wani gidan uwa da jariri, ba tare da shaidar inda aka binne su ba. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a Janairun 2021 ta ce yara kusan 9,000 ne suka mutu a irin waɗannan gidaje 18, har shugaban gwamnati Micheál Martin, wanda ɗan Cork ne, ya nemi gafara a madadin ƙasa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gida mun saba cewa Turawa sun ƙoshi ne suka manta da Allah. Akwai masu wannan hali, ban musa ba. Amma da yawa daga waɗanda na sani ba ƙoshi ya fitar da su ba, rauni ne, kuma a cikin coci aka ji musu shi. Matar nan ta san Bishara, ta haddace katikisma tun tana 'yar shekara bakwai. Babu ayar da zan karanta mata da ba ta taɓa ji ba, wataƙila ma daga bakin mutumin da ya sa hannu aka tafi da innarta. Wannan tarihi ne ya sa yau ko waƙa za ka koya wa yara a coci sai 'yan sanda sun tantance ka, kuma ba a barin babba shi kaɗai da yaro. Da ma mu ma a gida mu ɗauki wannan tun kafin namu asirin ya tonu, don masu cewa irin wannan ba ya faruwa a wurinmu ba su tambayi mata ba.

A unguwar Wilton, kusa da babban asibitin jami'a, akwai cocin Waliyyi Yusufu na ƙungiyar SMA, wato su Fada na mishan ɗin Afirka. A Lyon ta Faransa aka kafa ƙungiyar a 1856. Wanda ya kafa ta, Bishop de Marion Brésillac, zazzaɓin shawara ya kashe shi a Freetown a 1859, makonni kaɗan da saukarsa. 'Yan ƙungiyar ne suka isa Shendam a 1907, reshen Ayalan kuma, mai hedikwata a nan Cork, shi ya riƙe Kaduna da Jos shekaru da yawa. John McCarthy, babban bishop na farko a Kaduna, nasu ne. Ba su kaɗai ba ne. Sistocin OLA, su ma 'yan mishan ɗin Afirka, da suka kafa makarantar 'yan mata ta Kakuri, wadda ta koma Queen Amina, gidansu na nan Cork. Sistocin St Louis da suka zo Kano a 1948 daga Monaghan suke. 'Yan Augustine suka kama Yola da Maiduguri. Ƙungiyar Kiltegan, mai ɗauke da sunan Patrick kansa, a ranar bikinsa ta 1932 aka kafa ta, ta yi aiki a Kalaba da Ogoja da Minna. A bayan cocin na Wilton akwai maƙabartarsu, duwatsu a jere iri ɗaya. Na bi layi ina karantawa, na ga sunayen da na saba ji a bakin Baba, waɗanda na zaci tatsuniya ce.

A nan na gamu da wani tsohon Fada, yana dogara sanda, bayan Mas na safe. Ya dubi zanena ya tsaya. Sai na ji an ce, "Sannu, 'yata. Ina gajiya? Daga wace ƙasa?" Da Hausa, Hausar ƙauye ma, irin ta masu cewa "ƙaƙa". Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti na gaishe shi, mutane na kallo. Ya yi shekaru fiye da talatin tsakanin Kaduna da Kano. Ya ce da suka sauka suna samari, ba a bar su sun buɗe baki a bagade ba sai da aka ajiye su a Kagoro watanni suna koyon Hausa da gaisuwa da yadda ake shiga gidan mutane. Ya ce katikis ne suka yi aikin, su Fada babur kawai suke da shi. Ya kuma ce akwai abubuwan da suka hana, na kiɗa da na al'ada, da bai kamata su hana ba.

Na gaya masa saƙon matan Zumunta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Sun yi gaskiya, muna bukatarku. Amma ke yanzu kina Kagoro ne. Kin fara zuwa jana'iza?"

Na ce, "A'a, Fada. Ai ba a gayyace ni ba."

Ya ce, "A ƙauyenku ana gayyatar mutum ta'aziyya?"

A wannan fannin mutanen Ayalan 'yan'uwanmu ne. Akwai shafin intanet, RIP.ie, da kusan kowa ke dubawa kullum don ya san wanda ya rasu. Ana ajiye gawa a gida ko a ɗakin masu shirya jana'iza, mutane su yi dogon layi cikin ruwan sama, su bi dangin mamaci ɗaya bayan ɗaya suna musafaha. Ana shan shayi, ana ba da labarin mamaci, a yi dariya a yi kuka. Bayan wata guda a sake taruwa a yi masa Mas. Wanda ya shekara ashirin bai shiga coci ba, ranar zai shiga, kuma bakinsa ya san amsoshin. Tun daga lokacin, duk tsohon da ya rasu a hannunmu, in ba na bakin aiki, ina cikin layin. A nan 'ya'yan mamata suka fara sanina da suna. A nan ne kuma mutane ke matsowa su ce in sa su a addu'a, su da kansu, ba tare da na ce uffan ba. Abokiyar aikin nan tawa, ranar da aka kwantar da jikanta a asibiti, ta turo mini saƙo da tsakar dare cewa in kunna masa kyandir in na je coci. Na kunna. Ba ta dawo coci ba, ban kuma tambaye ta ba.

Maigida da yara sun iso a 2024, don haka bikin 2025 tare muka yi shi. Ya faɗo ranar Litinin. Muka fara da Mas, sannan muka gangara cikin gari kallon fareti, wanda ke bi ta South Mall da Grand Parade ya shiga titin Patrick. Ko'ina kore: huluna, gemun roba, fuskokin yara, har karnuka. Sojoji, 'yan kwana-kwana, masu bushe-bushe, ƙungiyoyin wasan ƙwallon sanda na gargajiya, sai kuma jerin baƙi: 'yan Indiya da gangunansu, 'yan Filifin, 'yan Poland, 'yan Brazil, 'yan Yukiren, da namu 'yan Najeriya da gwaggwaro. Patrick ɗin da ya wuce a gaba wani dogon mutum ne da gemun auduga yana ɗaukar hoto da 'yan mata. Maigidana ya ce, "Maman yara, wannan bikin waliyyi ne ko tashe?" Zuwa la'asar mashaya sun cika sun tumbatsa, muka kwashe yara muka yi gida. Tsofaffi sun ce a da doka ma ta hana buɗe mashaya a ranar, kuma faretin da ake gani yanzu daga 'yan ƙasar da suka yi hijira zuwa Amurka aka kwaikwayo shi. Har yau a wannan mako shugaban gwamnati kan tafi Washington ya miƙa wa shugaban Amurka kwanon shamrok.

Tare da mu a bakin titi akwai wata likita 'yar Katsina da muka saba, ita da 'ya'yanta. A shekarar azuminsu da namu sun haɗu, tana tsaye da bakin azumi tana riƙe wa ɗanta tutar ƙasar. A nan duk wanda ya ji Hausa a bas sai ya juyo, ba a tambayar addini sai an gama tambayar gari. Da yamma ta aiko mana da kunun gyaɗa da ƙosai na buɗa-baki. Ita ce ma ta nuna mini shagon da ake samun garin masara da kuka da daddawa.

A kusurwar titin, kamar yadda yake yi kowace Asabar, wani ɗan'uwanmu ɗan Najeriya yana tsaye da lasifika yana shelar wuta da tuba. Ban raina himmarsa ba, ya fi ni ƙarfin hali. Amma na daɗe ina lura, ban ga ɗan ƙasa ya tsaya ba, sai dai su ratse. Cocin Redeemed da ire-irensa suna da rassa da yawa a ƙasar, galibi a rukunin ɗakunan ajiyar kaya na bayan gari, suna cika maƙil ranar Lahadi, amma in ka leƙa mu ne a ciki. Haka Mas na 'yan Kerala ta Indiya, haka na 'yan Poland. Muna ta'azantar da junanmu, abu ne mai kyau, baƙo na bukatarsa. Sai dai in mun kira wannan mayar da bishara, mun yi wa kanmu ƙarin gishiri. Patrick ya yi shekara shida yana jin harshen mutanen nan a matsayin bawa kafin ya yi musu wa'azi ko ɗaya, kuma da matan da suka tuba suka riƙa ajiye kayan adonsu a kan bagade, mayar musu ya yi, don kada a ce abin hannunsu ya kawo shi. Ban ga yadda wanda ya sauka jiya, bai san Tuam ba, bai taɓa zama a gidan makoki ba, zai ɗaga murya ya ce wa jikokin waɗanda suka aiko mana da 'ya'yansu sun ɓata.

Ba kuma ina nufin mu ɓoye ba. Akwai namu da suka zo suka ga abin kunya ne a ce ana zuwa coci, suka daina, yaransu suka tashi ba nan ba can. Ni ranar Larabar Toka da tokata a goshi nake shiga aiki. In an tambaye ni me na yi a ƙarshen mako, ina cewa na je Mas, kamar yadda wata za ta ce ta je kallon wasa. Bayan an tantance ni na shiga masu karatu a cocin unguwa, maigida ya shiga ƙungiyar Vincent de Paul masu kai wa mabukata taimako gida-gida, 'yarmu tana hidima a bagade. Kusan tara cikin goma na makarantun firamare a ƙasar har yanzu a ƙarƙashin cocin Katolika suke, don haka ajinsu gaba ɗaya aka yi musu karɓar Jibi ta farko, da fararen riguna da motocin haya da kuɗi a ambulan. Lahadin da ta biyo baya ita da wani yaro ɗan Poland ne kawai suka dawo.

Daga 2017 zuwa 2022 jakadan Paparoma a Ayalan ɗan Najeriya ne, Babban Bishop Jude Thaddeus Okolo, kuma yau da wuya ka sami dayosis da babu firist daga Najeriya ko Indiya a ciki. Mu ma an turo mana ɗaya, matashi daga Filato, yana jin Hausa. Makon da ya fara aiki ya yi wa'azin minti talatin da biyar, da waƙa a tsakiya, yana cewa a ce amin, ba mai amsawa sai ni da maigida. Bayan Mas wani dattijo ya ja shi gefe ya nuna masa agogo, ya tuna masa cewa Paparoma Francis da kansa ya ce kada wa'azi ya wuce minti takwas. Fada ya zo gidanmu cin tuwo ransa a ɓace, yana cewa, "Mama, me mutum zai faɗa a minti takwas?" Maigida ya ce ya gwada ya gani. Ya koma bakwai, ya kama zuwa gidajen marasa lafiya da filin wasan yara, ya koyi sunayen ƙauyukan da kakannin mutane suka fito. Yanzu a hankali ya ja shi zuwa goma sha biyu, dattijon mai agogo kuma shi ke kai shi asibiti gaishe da marasa lafiya a motarsa, don Fada bai ci jarrabawar tuƙi ba tukuna.